BABI NA UKU: TARIHIN TUNTUN LABULE A ƘASAR HAUSA DA ƘASAR ZURU

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ƙasar Zuru da mutanenta da kuma sana'o'insu na gargajiya. A wannan babi kuwa, za a dubi tarihin wani ɗan ƙaramin abu daga cikin kayan adon ɗaki, wato tuntun da ake ɗaure labule da shi, wanda mata kan yi da hannunsu a cikin gida. Mutane da dama sun ɗauka cewa wannan abu baƙo ne, ya zo ne tare da Turawa kamar yadda kujerar kushin da agogon bango suka zo. Wannan babi bai tafi a kan haka ba. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, baƙon abu a nan bai wuce taga mai faɗi da ɗabi'ar tattare labule gefe guda a ɗaure ba. Shi kansa tuntu da dabarar yin sa sun daɗe a ƙasar Hausa a hannun maza, musamman badukai da masu haɗa kayan doki, kafin daga baya su koma hannun mata. Bambance waɗannan abubuwa biyu yana da muhimmanci, domin duk sana'ar da aka ɗauka ta aro ce, ba a cika samun mai damuwa da ita ba a ranar da ta kama hanyar ɓacewa.

3.1 Ma'anar Tuntu da Danginsa

Tuntu shi ne tarin zare ko silin fata da aka haɗa wuri ɗaya, aka ɗaure kansa, aka shaƙe wuyansa, sannan aka bar jelarsa tana lilo. Kalmar tsohuwa ce a Hausa, tana cikin ƙamusun Bargery na 1934. Akwai wasu kalmomi da suka yi kusa da ita waɗanda ya kamata a rarrabe. Geza ita ce zaren da aka bari a jere a bakin mayafi ko darduma, kuma da wannan suna ake kiran gashin wuyan doki. Baza kuwa ita ce wadda masu rawa kan ɗaura a ƙugu, daga nan ne aka sami maganar nan ta yin rawa da bazar wani. Geza a jere take, baza a baje take, shi kuwa tuntu a dunƙule yake, yana da kai da wuya da jela. Ana ganin sa a ƙarshen carbi da saman hular dara da bakin gafaka da kusurwar matashi. Ko hular da ɗaliban jami'a ke sanyawa ranar bikin yaye su, tuntu ne ke lilo a gefenta.

3.2 Tuntu Kafin Zuwan Labule

Idan ana son a ga asalin tuntu a ƙasar Hausa, to ba ɗakin mace za a fara shiga ba, bargar sarki za a nufa. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wato tsakanin 1390 da 1410, aka fara amfani da lifidi da kwalkwali da sulke a Kano. Wannan ya nuna cewa tun wancan lokaci doki ya zama abin da ake kashe wa dukiya, ake kuma tara masu sana'a dominsa. Maƙeri yana ƙera linzami da likkafa, masassaƙi yana sassaƙa ƙwarangwal ɗin sirdi, maɗinki yana ɗinka jalala, shi kuwa baduku yana haɗa ragama da kayan kai da na ƙirji. A waɗannan kaya na fata ne ake rataya tuntaye. Amfaninsu bai tsaya ga ado kawai ba, domin waɗanda ke lilo a goshin doki suna taimakawa wajen kore masa ƙuda daga ido. Haka kuma yawan tuntu da launinsa suna daga cikin abubuwan da talaka ke kallo tun daga nesa ya gane cewa mai tahowa ba ƙaramin mutum ba ne.

Kayan aikin kuwa duk a gida ake samun su. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ake jemewa da bagaruwa, ta yi suna har a Turai, inda aka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka take isa can. Ana rina ta ja da karan dafi, baƙa da kuloko, rawaya da gangamau, sannan akwai tsanwar fata da ake kira korino. Baduku yakan yanki fata mai kusurwa huɗu, ya tsattsaga ta sili-sili da aska ba tare da ya kai ƙarshe ba, wato ya bar ɗan gefe a sama. Daga nan sai ya naɗe gefen nan kamar tabarma, ya ɗinke da basilla, ya kawo siririyar fata mai wani launi ya shaƙe wuyan. Ya kamata a riƙe wannan bayani, domin za a sake cin karo da shi a gaba a hannun mata.

Bayan na fata akwai na zare, kuma a nan ne cinikin hamada ya shigo. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya isa Kano a watan Fabrairu na 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da alharini daga Tarabulus kimanin kayan raƙumi 300 zuwa 400 a kowace shekara, wanda kuɗinsa ya kai wuri miliyan 70. Ya kuma ƙiyasta ruwan takobi da ake shigowa da shi a kan guda 50,000 a shekara, mafi yawansu ƙirar garin Solinjin na ƙasar Jamus. Waɗannan alƙaluma biyu suna da dangantaka da juna, ko da yake ba kasafai ake haɗa su ba. Ruwan takobi tsirara yake zuwa. A Kano ake yi masa ƙota da kube, a nan kuma ake yi masa hamila, wato abin da ake rataya shi a kafaɗa. Hamilar manya da alharini ake yin ta, kuma da manyan tuntaye ake ƙarasa ta. Idan aka ajiye hamila kusa da maɗaurin labule na zamani, za a ga igiya ce tufkakkiya mai kauri da tuntu a ƙarshenta, a wannan da wancan. Wurin ratayawa ne kawai ya bambanta.

Shi alharinin nan ma abin lura ne. Ragowar siliki ne na masaƙun Turai, wanda ake rinawa ja mai duhu a kawo ta hamada, mata su kaɗa shi a mayar da shi zare. Akwai kuma tsamiya, wato silikin gida da ake samu daga saƙar wata tsutsa, sai kuma abawa ta auduga. Wato ke nan tun a ƙarni na 19 mace tana cikin wannan sana'a, amma daga tushe: ita ke kaɗi da mazari, namiji ke ƙarasa aikin ya kai kasuwa. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna yadda kaɗi ya kasance hanyar samun kuɗin matan aure a ƙasar Zazzau. Har yau tuntun doki bai mutu ba. Hawan salla ne ya raya shi, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa.

3.3 Ƙofar Ɗaki a Da, da Halin da Ƙasar Zuru Take Ciki

Tuntun labule ba ya samuwa sai da labule, shi kuma labulen ado ba ya samuwa sai da irin ginin da ke buƙatar sa. Ɗakin gargajiya, ko na Bahaushe ko na maƙwabtansa, ƙofa ɗaya gare shi, ƙarama, tagar kuwa in ma akwai ta ba ta wuce 'yar kafa a can sama ba. Abin da ake sakayawa a ƙofa shi ne asabari ko tufaniya ko tsaiwa. Asabari naɗe shi ake yi sama, tufaniya a jawo ta gefe, tsaiwa kuwa a ratsa ta a wuce. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar a tattare shi a ɗaure a tsakiya. Ko inda aka rataya zane a ƙofa, manufar ita ce sutura. Hausa ma ta adana wannan ma'ana, domin idan aka ce manya sun sa labule, to ana nufin sun keɓe don yin maganar da ba a son kowa ya ji. Labulen da aka yi don ya rufe ba a ɗaure shi gefe, sai wanda aka yi don a kalla.

Ƙasar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, tana iyaka da jihohin Zamfara da Neja. Masarautar ta ƙunshi ƙasashen Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, kuma mafi yawan mutanenta Lelna ne, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, tare da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Acifawa da sauransu. Akwai ruwayar da ke cewa sunan Dakarkari daga kalmar dakaru ya fito, wato mayaƙan ƙasa na Kanta Sarkin Kabi. Ko ruwayar ta inganta ko ba ta inganta ba, ta dace da abin da aka sani, cewa mutanen nan manoma ne kuma maharba mazauna duwatsu, ba ma'abota doki ba. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 sun sha fama da hare-haren Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim na Kwantagora, har zuwa 1901 lokacin da Turawa suka ci Kwantagora. Saboda haka ga mutumin da ke kan dutse a wancan zamani, doki mai tuntaye ba abin sha'awa ba ne, alamar mahara ce ko ta masu mulki. Suturar mazajen Lelna kuwa warki ne na fata, kamar yadda P. G. Harris da wasu marubutan zamanin mulkin mallaka suka bayyana, gwanintar matansu kuma ta fi fitowa a ginin tukwane, musamman waɗanda ake ɗorawa a kan kaburbura.

Wani abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tsarin aure. A al'adar golmo, saurayi ne ke yi wa surukinsa noma na tsawon shekaru, har bakwai, kafin a ba shi mata. Dukiyar aure a nan ƙarfi ne da gumi, kuma a gona ake ganin ta. A wurin Bahaushe kuwa, iyayen amarya ne ke tara kayan ɗaki, a yi jere, 'yan'uwa da abokan arziki su shigo su gani. Ɗakin amarya wurin nuni ne, ana auna darajar uwa da abin da ta jera wa 'yarta. A ganin mai wannan nazari, tuntun labule bai sami gindin zama a Zuru ba sai da wannan al'ada ta jere ta bazu, ta hanyar Hausawan Katsina da Zamfara da Kabi da suka zauna a garuruwan yankin, da yaɗuwar Musulunci, da kuma zaman harshen Hausa harshen kasuwa da masallaci da coci baki ɗaya.

3.4 Ɓangaren Turai

A ƙasar Faransa yin tuntu da geza da igiyar ado sana'a ce mai ƙungiya tun ƙarni na 16, kuma yaro yakan yi shekara bakwai yana koyo kafin a sallame shi. Ta bunƙasa a zamanin Sarki Luwi na 14, wanda ya mayar da fadarsa Basai a 1682. Bayan 1685, lokacin da aka soke dokar da ta ba Furotesta 'yancin addini a Faransa, masu sana'a da yawa sun gudu zuwa Ingila da wasu ƙasashe da iliminsu. A zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, labule mai nauyi da maɗauri mai tuntu ya zama abin da kowane gida mai rufin asiri ke so a Ingila. Jami'an da suka zo mulkin Arewa daga 1900 a irin waɗannan gidaje suka tashi, kuma da wannan ido suka shirya gidajensu na bariki. Kuku da boyi da maɗinkin bariki su ne 'yan ƙasa na farko da suka fara ganin labule a ɗaure.

3.5 Soja da Mishan da Makaranta

Hanyar da ta fi shafar Zuru kai tsaye ita ce aikin soja. An kafa rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma a 1897 a ƙarƙashin Lugga, kuma da tafiya ta yi tafiya ƙasar Zuru ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi ɗibar sojoji, abin da ya sa har yau ake yi mata kallon garin sojoji. Kayan faretin wannan runduna sun haɗa da jar dara mai tuntu. Ita wannan hula tana da nata tarihin: Sarkin Daular Usmaniyya Mahmud na 2 ne ya wajabta ta ga ma'aikatansa a 1829, aka hana sanya ta a Turkiyya a 1925, amma ta ci gaba da zama a kan sojojin Afirka ta Yamma. Ke nan ɗan Zuru da kakansa ya san tuntu a wuyan dokin mahari, shi a kansa ya ɗora shi, a matsayin alamar aiki da albashi.

A Yaƙin Duniya na Biyu, runduna ta 81 da ta 82 sun yi yaƙi a Bama tsakanin 1943 da 1945, sojoji suka bi ta Indiya suka ga duniya. Sai dai a nan ba sojan ne abin dubawa ba, matarsa ce. Matar soja ta zauna a barikin Kaduna ko Zariya ko Legas ko Inugu, a ɗaki mai kusurwa huɗu da taga, ƙofa na kallon ƙofa, maƙwabciyarta kuma daga wata ƙabila. A irin wannan zama labule dole ne, gasa kuma ba ta da makawa. Idan miji ya yi ritaya aka dawo gida, kuɗin sallama kan tafi ne ga gini mai rufin kwano da tagogi, matar kuma ta dawo da abin da idonta ya saba gani.

Hanya ta biyu ita ce mishan. Ƙungiyar United Missionary Society ta buɗe tasha a Zuru a tsakiyar shekarun 1920, kuma daga aikinta ne ikilisiyar UMCA ta fito. Kamar sauran mishan na wancan zamani, koyar da mata ɗinki da saƙa yana tafiya ne tare da koyar da karatu, daga baya kuma ƙungiyoyin Zumuntar Mata suka zama wurin da mace ke koya wa 'yar'uwarta aikin hannu. A ɓangaren gwamnati, an buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina a 1930, inda aikin allura da kula da gida suka kasance manyan darussa. Wannan tsari ya ci gaba har bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin da 'yan mata da yawa suka fara riƙe kwarashi da ulu a aji. A nan ne sana'ar ta sauya hannu. Baduku bai bi tuntu zuwa cikin ɗaki ba, domin fata ba ta dace da yadin labule ba, kuma ba ta jure wanki. Mata ne suka ɗauka.

3.6 Yadda Ake Yin Sa a Gida

Kayan aikin ba su da yawa: ƙullin ulu ko zaren siliki, guntun kwali, almakashi, babbar allura, sai dutsen ado ko wani abu mai rami da za a yi kai da shi. Tsawon kwalin shi ne tsawon tuntun, galibi kimanin taƙi ɗaya ga labulen ƙofa, ƙasa da haka ga na taga. Ana naɗa zaren a jikin kwalin, zagaye bayan zagaye, har ya yi kaurin da ake so. Siririn zare yana buƙatar naɗi mai yawa, ulu mai kauri kuwa kaɗan ya isa. Abin da ake kiyayewa shi ne kada a ja zaren da ƙarfi, domin idan aka yanke zai tsuke ya gajarce, jelar ta fito ba daidai ba. Idan naɗi ya cika sai a zura wani zare ta ƙarƙashinsa a gefen sama a ɗaure tamau, a sa almakashi a yanke gefen ƙasa. Daga nan a sauko kamar faɗin yatsa biyu daga sama a shaƙe wuya da zare, a naɗa shi a jere sau da yawa, a ɓoye bakinsa a ciki da allura. A ƙarshe a taje jelar, a daidaita bakinta da almakashi. Wasu kan kara ta a kan tururin ruwan zafi don zaren ya miƙe.

Igiyar ita ce ta fi wuya, kuma ita ce ke nuna gwana. Ana auna zare kimanin ninki uku na tsawon da ake bukata, a tara sili da yawa, a maƙala gefe ɗaya a ƙusa ko a babban yatsan ƙafa, a riƙa murzawa ta fuska ɗaya har ya fara ƙoƙarin nannaɗewa da kansa. Sai a kama tsakiya a ninka biyu, a sake shi a hankali, ɓangarorin biyu su rungumi juna ta ɗaya fuskar. Murɗin farko da na biyu suna adawa da juna, wannan ne ke hana igiyar warwarewa. Babu wani abu a nan da mai tufkar rama ko kaba a ƙauye bai sani ba. Haka kuma idan aka koma ga bayanin aikin baduku da aka yi a baya, za a ga matakan ɗaya ne: a tara sili, a haɗe kai, a shaƙe wuya da wani launi, a daidaita jela. Kwali da almakashi ne kawai suka maye gurbin aska da basilla.

Wajen yin kai, mata sun nuna dabara ƙwarai. Inda Bafaranshe ke sa itacen da aka gurza da inji ya lulluɓe shi da siliki, mace a nan takan ɗauki kwarkwaron zaren keke da ya ƙare, ko murfin kwalba da aka huda, ta naɗe shi da zare har ya ɓace. Mai kallo ba zai taɓa sanin abin da ke ciki ba. Zaɓen launi ma ba a yin sa da ka. Ana ɗaukar ƙyallen labulen a tafi da shi wurin mai zare, kuma sau da yawa ana haɗa launin tuntu da na zanen gado da rigunan matashi, domin a jere ɗaki gaba ɗayansa ake kallo.

3.7 Zare da Kasuwa

Tarihin wannan sana'a daga 1957 zuwa yau, tarihin farashin zare da yadi ne. A shekarar ce aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, sannan UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a tsakiyar shekarun 1960, aka kuma sami masaƙu a Kano da Gusau da Funtuwa. Yadi ya yi araha, har ma'aikaci ƙarami ya iya sayen na labule dabam da na sawa. Kuɗin Udoji da aka biya a farkon 1975 ya ƙara wa abin wuta, domin a lokacin ne gado mai rumfa da kabad da kujeru suka cika ɗakunan amare. Ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta 1991 ya ƙara yawan ma'aikata da gidajen haya a manyan garuruwan jihar.

Sai dai lokacin da aikin hannu ya fi samun kasuwa, a ra'ayin mai wannan nazari, ba lokacin wadata ba ne. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, Naira da ke kusan kai ɗaya da Dalar Amurka ta faɗi har ta kai wajen 22 a farashin gwamnati a 1993. Kayan ado na waje suka gagari mai ƙaramin ƙarfi, amma kunyar jere ba ta ragu ba, domin uwa ba za ta ce wa dangin miji tattalin arziki ne ya hana ba. Mafita ita ce a sayi yadi a kai wa tela, a sayi ulu a yi sauran a gida. A daidai wannan lokaci ne shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, wanda aka fara a 1987, da shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha na 1994, suka buɗe cibiyoyin koya wa mata saƙa da ɗinki a ƙananan hukumomi. Ana iya sukar waɗannan shirye-shirye ta fuskoki da dama, an kuma soke su, amma dai sun bar mata da yawa da kwarashi a hannu.

Wannan ciniki yana cikin irin wanda Polly Hill ta kira ɓoyayyen ciniki a maƙalarta ta 1969, wato wanda ake yi daga gida zuwa gida ba tare da rumfa ba. Bambancin Zuru da birane irin su Kano shi ne, kulle bai game gari ba, mata da yawa suna noma suna kuma zuwa kasuwa da kansu. Duk da haka tuntu ba kayan talla ba ne, sai an yi oda ake yin sa, kuma kakarsa ita ce kakar aure, wato bayan an kawar da amfanin gona da kuma gabanin azumi da Kirsimeti. Kuɗin da ake samu ba shi da yawa, amma na mace ne ita kaɗai, da shi take zubin adashi, adashin kuma sau da yawa kayan ɗakin 'yarta yake komawa.

Daga shekarar 2000 al'amarin ya juya. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, yadin Sin ya mamaye Kantin Kwari a Kano, inda 'yan kasuwar garuruwa irin su Zuru ke saro kaya. Labule ya fara zuwa a ɗinke cikin leda, da zobbansa da maɗaurinsa, tuntun kuma na zaren roba ne mai ƙyalli wanda inji ya yanke bakinsa daidai. Wanda aka yi da ulu yana kama ƙura, yana yin gashi bayan wanki, saboda haka kusa da na kanti sai ya zama kamar na marasa hali. A nan al'adar jere, wadda ita ce ta jawo tuntu cikin ɗaki tun farko, ita ce kuma ta juya wa na hannu baya, domin abin da ake nema a jere shi ne a ga an kashe kuɗi. Daga baya ma an sami maɗauri mai maganaɗisu da labulen roba mai sili-sili na ofis, waɗanda ba su buƙatar tuntu sam.

Abin da ya rage wa mai aikin hannu shi ne wuraren da kanti ba ya kaiwa. Na kanti launukansa ƙididdigaggu ne, ruwan zinariya da ruwan toka da ja mai duhu sun fi yawa, don haka wadda ta ɗinka labule da yadin da ba a saba gani ba dole ta nemi mai haɗa mata launi. Akwai kuma gyara, domin tuntun kanti da gam ake manne kansa, idan ya cire sai a kai wa wadda ta iya shaƙe wuya da zare. Tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da aka saki farashin Naira har Dala ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan waje sun sake tsada kamar yadda suka yi bayan 1986. Bambancin shi ne, a wancan karo yarinya a wurin uwarta ko a cibiyar mata take koyo, a wannan karo kuwa da yawa a waya suke kallo, a YouTube da TikTok, inda mai koyarwar kan kasance Baturiya ko Ba'indiya, zaren kuma daga Sin yake zuwa.